Ra'ayi: Kontabul ba dillalin haraji ba ne

Daga tsakiyar watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa, wutar lantarki kuma tana zuwa tana ɗaukewa, akwai wasu ƙananan ofisoshi a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai da ba a rufe su sai dare ya raba. Ofisoshin masu haɗa wa ƴan kasuwa takardun haraji ne, waɗanda ake kira kontabul, a ƙetaren iyaka kuma a ce akanta. Ranar 30 ga Afrilu ce wa'adin miƙa bilan, wato lissafin shekarar da ta gabata, ga babbar hukumar haraji ta ƙasa, DGI. A cikin waɗannan makonni ne ɗan kasuwar da ya yi wata goma sha ɗaya bai leƙo ofishin ba yake yin sallama, yaronsa na biye da shi ɗauke da kwali ko leda cike da takardu: rasi da ya sha maiƙo, faktir da ruwa ya taɓa, takardar duwan, har da bayan kwalin shayi da aka yi lissafi a kai da ajami. Sai ya sa a ajiye, ya ce: "Ga su nan. Ka san yadda za ka yi, kada dai abin ya yi yawa."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce tushen matsalar. Ɗan kasuwa da yawa ba ya kallon kontabul a matsayin mai tsare masa lissafi. Kallon dillali yake masa, wanda ya san mutane a ofishin impo, ya iya faransanci, zai shiga ya fita ya sa a rage. Da wannan ma'auni ake auna gwanintarsa: idan haraji ya fito kaɗan, yaron ya iya aiki, idan ya fito da yawa, a nemi wani baɗi. Muddin haka ake auna su, to masu gaskiya daga cikinsu ne za su ci gaba da rasa aiki, ƴan kasuwa kuma su ci gaba da sayen rigima da kuɗinsu.

Ya kamata a fara sanin abin da aikin ya ƙunsa, domin mutane da yawa sun ɗauka cike takarda ne kawai. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar da ta haɗe dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka 17, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993. Tsarin lissafin da ake bi shi ne SYSCOHADA, wanda aka sabunta a 2017 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Tsarin ya ce a rubuta kowace shiga da kowace fita da takardar da ke tabbatar da ita, a ƙirga kayan da ke mangaza a ƙarshen shekara, a ajiye takardun har shekara 10. Ya yi wa ƙananan ƴan kasuwa sassauci: mai saye da sayarwa da cinikinsa na shekara bai kai miliyan 60 na sefa ba, ko mai sana'ar hannu da bai kai miliyan 40 ba, ko mai aikin hidima da bai kai miliyan 30 ba, yana iya riƙe ƙaramin lissafi na kuɗin da suka shiga da waɗanda suka fita. Wanda ya haura wannan sai cikakken lissafi. Kuma bilan ba shi kaɗai ne aikin ba. Mai harkar da ta girma yana da TVA da zai bayyana kowane wata zuwa ranar 15, yana da ITS, harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, yana da kuɗin CNSS, yana da patanti. Kowanne da ranarsa, kowanne da tararsa idan rana ta wuce. Kowace shekara kuma dokar kasafin kuɗi tana taɓa wani sashe na dokar haraji, dole kontabul ya koma ya karanta.

Aikin wata goma sha biyu ke nan ake so a dunƙule cikin sati biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan sana'a kusan kullum ranar tafiyar ake kawo goran.

Wanda bai taɓa zama gaban irin wannan kwali ba, ba zai gane wuyar abin ba. Tun daga ƙirgar kuɗi ake fara tuntuɓe. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuma sefa 5 ce. Idan ɗan kasuwa ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi. Idan ya ce ɗari, 500. Jika ɗaya sefa 1,000. Idan ya ce "na ba shi dubu goma," yana iya nufin sefa 50,000, alhali sabon kontabul da ya fito daga makaranta jiya zai rubuta 10,000. A cikin littafin shago guda ana iya samun shafin da mai gida ya rubuta da dala, shafin da ɗansa ɗan boko ya rubuta da sefa, da shafin da aka rubuta da naira saboda kayan daga Kano suka zo ta Jibiya da Ɗan Isa, ko daga Sakkwato ta Illela da Ƙonni. Nairar ma wace naira? Tun da gwamnatin Najeriya ta saki farashinta a watan Yunin 2023, darajarta ta riƙa zubewa ta yadda kuɗin da aka canza a watan Janairu ba su yi daidai da na watan Oktoba ba. Ɗan canji ba ya ba da rasi. Kontabul ne zai zauna yana tambaya, yana ƙiyasi, yana neman farashin canji na ranar da babu wanda ya rubuta ta.

Sai maganar aljihu. A harkokin gida da yawa, kuɗin shago da kuɗin cefane a aljihu ɗaya suke kwana. Daga cinikin yau aka biya kuɗin makarantar yara, aka yi gudummawar biki, aka sayi ragon suna, aka biya wa tsohuwa kujerar Makka. Duk waɗannan alheri ne, amma doka ba ta ɗauke su a matsayin ɗawainiyar kasuwanci da za a cire kafin a lissafa riba ba. Idan kontabul ya faɗi haka, sai a ga kamar ya raina hidimar da mai gida yake yi wa jama'a. Ga kuma bashi. Rabin cinikin manyan kasuwanni a kan amana yake tafiya: kaya sun fita, kuɗi sai bayan kaka, babu takarda sai shaidar Allah da ta yaran shago. A wurin ɗan kasuwa, kuɗin da bai shigo hannu ba ba ciniki ba ne tukuna. A wurin cikakken lissafi, tun ranar da kaya suka fita an yi ciniki.

TVA ita ce ta fi kowace jawo gardama, kuma ita ce ta fi nuna abin da rashin takarda ke ci. A Nijar kashi 19 cikin 100 ce a kan mafi yawan kayan da ta shafa. A ɗauki misalin wanda ya sari kaya na sefa miliyan 1, ya biya TVA 190,000 a kai. Ya sayar a kan miliyan 1 da 200,000, ya karɓi TVA 228,000 daga mai saye. Idan yana da faktir na ƙa'ida daga wanda ya sayar masa, abin da zai miƙa wa gwamnati shi ne bambancin, wato 38,000. Idan faktir ɗin ta ɓata, ko tun farko bai karɓa ba, ko an rubuta masa ita a kan takardar da babu lambar NIF, to 228,000 ɗin zai biya cur. Ribar da ya ci 200,000 ce; takarda ɗaya da ba a adana ba ta cinye 190,000 daga ciki. Babu sanayyar da kontabul zai yi a wani ofis da za ta kai wannan takarda amfani. Amma ɗan kasuwar da ke ganin tsadar biyan kontabul kowane wata, shi ne ke zubar da irin wannan kuɗi sau da yawa a shekara bai ma sani ba.

Haka batun asara. Harajin riba kashi 30 cikin 100 ne, don haka dabarar farko da ke zuwa wa mutum ita ce a rubuta cewa bana ba a ci riba ba. Sai kontabul ya yi bayanin cewa ko an yi asara akwai mafi ƙarancin haraji da ake lissafawa a kan yawan ciniki, kuma shagon da ke bayyana asara shekara uku a jere alhali mai shi yana ƙara mangaza yana sayen tirela, shi da kansa yake kiran masu bincike. A nan ne hira take canza launi.

"Ɗana, kai fa aikinka ka rage mini, ba ka ƙara ba. Wanda ya yi mini bara ko rabin wannan bai kawo ba."

"Alhaji, ranka ya daɗe, abin da takardu suka nuna ke nan. Idan aka rage ciniki, takardun duwan za su saɓa da namu."

"To su wa suka ce maka za su duba?"

Duk mai wannan sana'a ya san irin wannan zama, ya kuma san inda yake ƙarewa. Mai maganar sa'an mahaifinsa ne, wataƙila ma abokin mahaifin ne, wataƙila shi ya taimaka da kuɗin makarantarsa. A al'ada yaro ba ya ce wa babba a'a kai tsaye. Ga shi kuma kuɗin aikin ba a yanke su tun farko ba, an bar su a kan "za mu daidaita," wanda sau da yawa ma'anarsa ita ce a jira har bayan salla, a karɓi rabi, sauran a bi bashi. Jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa da makarantu masu zaman kansu suna yaye matasa masu ilimin lissafin kuɗi kowace shekara, guraben aiki kuwa ba su ƙaru daidai da su ba. Wanda ya ƙi rubuta ƙarya ya san cewa a bayan layi akwai wani da zai rubuta a kan rabin kuɗin.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su ma masu sana'ar suna da nasu kashin kajin. Sanannen abu ne a kasuwa cewa akwai masu haɗa bilan iri uku na shago ɗaya a shekara ɗaya: wanda za a kai banki, mai nuna riba kamar ruwa don a samu bashi, wanda za a kai impo, mai nuna talauci, da na gaskiya, idan ma akwai shi, wanda ke cikin kan mai gida. Akwai masu karɓar kuɗin haraji a hannu da sunan za su je su biya, su riƙe, sai bayan shekara biyu takardar tara ta iso shago. Akwai masu cewa "a ƙara wani abu na mutanen ciki," wanda babu mai iya tabbatar da cewa ya wuce aljihunsu. Waɗannan su ne suka koya wa ƴan kasuwa cewa kontabul dillali ne, kuma su ne suka karya farashin masu aikin ƙwarai.

Abin da ɗan kasuwa ya kamata ya riƙe shi ne: sa hannun da ke ƙasan takardar nasa ne, tambarin na shagonsa ne, lambar NIF tasa ce. Ranar da masu bincike suka zo, suka koma baya suka sake lissafin shekarun da suka wuce, suka ɗora tara da kuɗin jinkiri, shagonsa za a rufe, asusunsa na banki za a riƙe. Dokar lissafi ta OHADA ma ta tanadi hukunci ga shugaban kamfanin da ya gabatar da lissafin da ya san ba gaskiya ba ne. Dillalin da ya yi alƙawarin ya san mutane, a wannan rana wayarsa a kashe take.

Ba za a yi wa ƴan kasuwa adalci ba idan aka ce jahilci ne kawai ke sa su gudun haraji. Suna da hujjoji, wasu ma masu ƙarfi. A tarihin wannan yanki haraji ya zo ne da bulala: kakannin mutanen Maradi da Damagaram sun san zamanin da ake tsallaka iyaka da dare don guje wa harajin Faransa da aikin dole. Yau ma mai shago yana biyan duwan a bakin iyaka, ya biya tikitin magajin gari a kasuwa, ya biya patanti, sannan ya fito ya ga kwatar da ke gaban shagonsa a toshe tun daminar bara. Yana kallon maƙwabcinsa da ke sayar da kaya iri ɗaya ba shi da NIF, ba shi da bilan, babu mai damunsa, shi kuwa da ya yi rajista kullum takarda. Mai yi wa gwamnati kwangila yana iya jiran kuɗinsa watanni, amma harajinsa ba ya jira. Ba a manta da zanga-zangar da ƙungiyoyin farar hula suka yi kan dokar kasafin kuɗin 2018 ba, wadda ta kai ga kama jagorori irin su Moussa Tchangari, Ali Idrissa da Nouhou Arzika a watan Maris na wannan shekara. Ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ga takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023, duk sun ci jarin mutane da yawa. Wanda ya sha waɗannan idan ya ce a rage masa, ba mugunta ce ta sa shi ba.

Amma hujjar ƙin haraji daban, hanyar da aka zaɓa don guje masa daban. Hanyar sasantawa a bayan fage tana ƙara tsada, domin ƙasar ta shiga lokacin da gwamnati ba ta da wurin juyawa sai aljihun cikin gida. Ƙa'idar UEMOA ita ce kowace ƙasa ta tara harajin da ya kai kashi 20 cikin 100 na arziƙin da take samarwa a shekara. Nijar ta daɗe tana yawo a wajen kashi 10. Tallafin ƙetare da ke cike giɓi ya ragu tun 2023. Duk wanda ke riƙe da ma'aikatar kuɗi, ko soja ko farar hula, zai matsa wa DGI, ita kuma ta matsa wa waɗanda take da sunayensu. Kayan aikinta ma sun canza. Tun 2021 aka shigo da faktir mai tabbaci ta tsarin SECeF, wadda ke fitowa da lambar QR, bayananta kuma suna isa hukumar haraji. Ma'ana, idan babban dila ya sayar wa mai shago kaya da irin wannan faktir, an riga an san abin da mai shagon ya saya tun kafin kontabul ɗinsa ya buɗe kwali. Abin da ya shigo ta duwan shi ma yana cikin kwamfuta. Ƙaryar da ta wuce lafiya shekara goma da suka gabata, yau lissafi biyu kawai za a jera ta fito fili.

Kuma ba tsoron bincike ne kaɗai dalilin riƙe lissafi ba. Mai neman kwangilar gwamnati ko ta manyan ƙungiyoyi sai ya nuna ARF, takardar da ke shaida cewa ba a bin sa haraji. Banki ba ya ba da bashi mai kauri sai ya ga bilan na shekaru. Wanda ya shekara biyar yana rubuta cewa shagonsa ba ya kawo komai, ranar da ya so faɗaɗa harka da kuɗin banki, takardunsa ne za su ba da shaida a kansa.

Abin mamaki shi ne riƙe lissafi ba baƙon abu ba ne a wurin ɗan kasuwar Bahaushe. Alhajin da ke cewa bai san yawan kayansa ba idan ana maganar impo, shi ne kuma yake rufe mangaza kwana guda a shekara, ya ƙirga buhu da kwali, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran karɓa, don ya fitar da zakka daidai. Wannan ƙirga ita ce tushen abin da kontabul yake roƙo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma duk unguwar da ke da manyan ƴan kasuwa ta san gidan da ya watse bayan rasuwar mai shi, ba don dukiya ta ƙare ba, sai don babu wanda ya san wa ake bi, wa ke bi, wane kaya na amana ne, wane na marigayi ne. Littafin da aka ƙi riƙewa don kada gwamnati ta gani, marayu ne suke fara rasa shi ranar rabon gado.

Wannan magana ta shafi ƴan ƙasar da ke zaune a waje fiye da yadda suke zato. Daga Abijan, Akara, Kumasi, Legas, Tiripoli, Tamanraset, Jidda, Faransa da Amurka, mutane suna turo kuɗi a buɗe shago, a sayi mota ta haya, a kafa injin ruwan leda ko gidan burodi, a damƙa wa ƙane ko ɗan ɗaki. Bayan shekara biyu a tambayi riba, a ce impo ya cinye. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba gaskiya ba ne, mai kuɗin dai ba shi da hanyar sani, zumunci kuma ya lalace a kan zato. Wanda ya iya turo miliyoyi na jari ya kamata ya iya ware abin da zai biya kontabul kowane wata, wanda zai riƙa turo masa hoton littafin shiga da fita ta WhatsApp tare da rasin duk harajin da aka biya, rasin da ke ɗauke da sunan shagon da lambar NIF. Ya kuma tambaya tun farko da sunan wa aka yi rajistar harkar a Maison de l'Entreprise, domin sunan da ke kan rajista shi ne mai shago a idon doka, ba wanda ya turo kuɗi ba. Neman rasi ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne. Shi ma ɗan'uwan rasin ne zai wanke shi ranar da tsegumi ya taso.

Hukuma tana da nata kason, kuma ba ƙarami ba ne. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, faransanci da turanci kuma harsunan aiki. To, ɗan kasuwar da ke biyan miliyoyi har yanzu yana sa hannu a kan takardar da ba ya iya karantawa, a ƙasar da fiye da rabin manya ba su yi boko ba. Rashin fahimtar takarda shi ne ke ba dillali ƙarfi: shi kaɗai ya san abin da aka rubuta, don haka abin da ya faɗa shi ne doka. Shafi ɗaya da Hausa da Zabarmanci, a boko da ajami, mai bayyana wane haraji ne ya hau kan wa, nawa ne, yaushe ake biya, wace irin rasi ake karɓa, zai rage wannan ƙarfi fiye da taron ƙara wa juna sani goma a otal. A karanta shi a rediyo duk lokacin da dokar kasafin kuɗi ta canza wani abu. Cibiyoyin CGA, waɗanda aka kafa don su riƙa taimaka wa ƙananan ƴan kasuwa da lissafi da takardun haraji, ya kamata a ce kowane mai shago a babbar kasuwar Maradi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san ƙofarsu da abin da zai samu idan ya shiga.

Sai kuma batun su wane ne ke da izinin yin aikin. Akwai ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi da doka ta amince da su, amma hanyar shiga cikinta doguwa ce, mambobinta kaɗan ne, mafi yawansu kuma a Yamai suke, kuɗinsu ya fi ƙarfin mai shago ɗaya a Tasawa ko Madawa. Saboda haka mafi yawan takardun ƙananan ƴan kasuwa matasa ne ke haɗa su, masu digiri ko BTS, waɗanda babu rajistar da ta san da su. Idan sun yi daidai babu mai yaba musu, idan sun yi ɓarna babu inda za a kai ƙara. Korarsu ba mafita ba ce, domin babu masu maye gurbinsu. Abin da ya dace shi ne a buɗe musu ƙaramin mataki na rajista, da jarrabawa, da lamba, a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. A Amurka, inda wa'adin harajin mutane yake 15 ga Afrilu, duk wanda aka biya don ya cike wa wani takardar haraji sai ya sa hannunsa da lambarsa a kanta. Idan aka yi haka a nan, mai haɗa bilan uku zai yi tunani kafin ya sa sunansa, mai gaskiya kuma zai samu abin da zai kare kansa da shi a gaban Alhaji ba tare da rashin kunya ba: "Ranka ya daɗe, lambata ce a kai, idan na yi haka aikina za a karɓe."

Kafin a kai can, akwai abin da matasan da ke wannan sana'a za su iya yi da kansu tun daga wannan shekara. Su daina karɓar aikin da ba a yanke kuɗinsa a rubuce ba, ko da rabin shafi ne. Su mayar da yarjejeniyar ta wata-wata, su riƙa zuwa shago da ƙafarsu suna kwashe takardu kafin ɓera da damina su riga su. Su saya wa mai shago littafi biyu, ɗaya na shago ɗaya na gida, su rubuta a bangon kowanne ko da dala ake lissafi ko da sefa. Kuɗin haraji kuwa kada su taɓa shi da hannunsu: mai shago ko yaronsa ya raka su a biya, a karɓi rasi a gabansa, a ɗauki hotonsa, asalin kuma ya kwana a shagon.